Mai Riƙon Birki

A arewacin Fotugal, kan tudu mai coci a ƙololuwa,
tarago biyu ne, igiyar ƙarfe ɗaya ta ɗaure su,
kamar guga biyu a bakin rijiya guda.
Ba inji, ba fetur, ba wayar lantarki.
Ni ne Anselmo. Shekara talatin da ɗaya hannuna na kan birki.

Aikin bai da wuyar faɗa:
in buɗe famfo a sama, in ɗura wa tarago ruwan marmaro
har ya fi ɗan'uwansa na ƙasa nauyi,
sai in saki.
Mai nauyi ya gangara, marar nauyi ya hau
da tsofaffi masu ciwon gwiwa, da baƙi masu kyamara,
da matar nan mai kwandon kabeji da ba ta taɓa zuwa da canji ba.
A gindin tudu mu zubar da ruwan, ya bi kwata ya tafi lambu.

Jikata Graciete ta zo hutu daga jami'a,
ta zauna kusa da ni tana ɓare lemo.
Ta ce, "Kaka, ba tikiti kake sayarwa ba,
tsayi kake sayarwa.
Ruwan nan da ya yi lamo a tanki
makamashi ne a kwance, bashi ne ƙasa ke bin sa.
Da ka saki birki, kwantacce ya miƙe ya zama motsi."

Na ce, to wa ya kai shi sama? Ni dai ban ɗauka ba.
Ta nuna rana da ɓawon lemo.
"Ita ta ɗebo shi daga teku, tururi-tururi,
iska ta goyo shi, gajimare ya sauke shi kan dutse."
Ashe duk shekarun nan gumin rana nake ci,
ban taɓa ce mata sannu da aiki ba.

Muka sauka, muka tsaya cak.
Na ce, ga shi motsin naki ya mutu.
Ta ce, "Taɓa birkin."
Wannan kam na riga ta sani:
nan nake gasa yatsuna idan sanyin Janairu ya ciji ƙashi.
"To ga shi nan, riga kawai ya canja.
Ƙarar da ta tarwatsa tantabaru ma daga cikinsa take.
Ƙarfin damtsenka burodin masara ne da kifin safe,
masarar kuwa haske ta sha a gona.
Ba a haifarsa, ba a binne shi,
hannu yake sauyawa kamar kuɗi ranar kasuwa."

Ta yi shiru, ta tofar da ƙwallon lemo.
"Sai dai wanda ya zama zafi ya watse,
ba mai tattaro shi duka ya sake ɗaga tarago."

Wannan ce ta kwana da ni.
Sati biyu suka rage in ajiye hula,
gwiwata ta fara ƙara irin ta tsohuwar ƙofa.
Na lissafa: hawa nawa, sauka nawa, matsa birki sau nawa?
Ina duk ya tafi?
Wani na jikin ƙarfen da tafina ya goge har yana sheƙi.
Saura ya bi iskar kwarin nan,
ɗumi kaɗan da ba wanda ya ji,
amma bai ɓata ba, in ji yarinya, ko ƙwayar zarra.

Da safe hazo ya rufe matakalar coci.
Mutum goma sha ɗaya ke jira a ƙasa, ɗaya katoto ne.
Na ƙara wa tanki ruwa saboda shi,
na buga ƙararrawa,
na ɗaga hula ga inda rana za ta fito,
na saki.